Farasan ko Umluj? Amsa ga ɗan'uwanmu na Jidda mai son zaga tsibirai da iyali

Wa alaikumus salam Malam. Tun jiya na ga tambayarka, aiki ne bai bar ni na zauna ba. Ka ce kana so in an yi hutun makaranta ka ɗauki maiɗakinka da yara da Hajiya mahaifiyarka da ta zo ziyara, ku yi hayar kwale-kwale ku yi ta zaga tsibirai, ku sami bakin ruwan da mata za su sake babu idon jama'a, sai dai ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin Umluj, garin bakin Bahar Maliya da ke arewa da Jidda, da tsibiran Farasan da ke kudu, daura da garin Jizan. Ni a Jizan nake zaune da daɗewa, kuma duk baƙon da ya sauka a wajenmu Farasan muke kai shi, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

In shawarata za ka bi, ku zo Farasan. Umluj tana da kyau, ba wanda zai musa, ruwan nan garai-garai kamar yadda kake gani a hoto. Amma tsibirai da yawa na wannan yanki, daga Umluj har Wajh, sun faɗa cikin babban aikin yawon buɗe ido na Bahar Maliya, inda aka gina otal-otal na masu hannu da shuni, kuma ba ko'ina ake barin kwale-kwalen haya ya sauke mutane ba. Sau da yawa sai a zaga da ku, ku yi hoto daga cikin jirgi, a dawo da ku. Ga shi kuma da hunturu iskar arewa na kaɗawa a can da sanyi, yara ba za su daɗe a ruwa ba. Farasan kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinta. In hutun bazara kake nufi, ka haƙura ka jira, domin zafi da gumin Jizan a watan Yuli ko mu da muka saba ba ma fita da rana, balle dattijuwa.

Daga Jidda zuwa Jizan kusan kilomita 700 ne ta hanyar gaɓar teku, ka bi ta Lis da Ƙunfuza, ka wuce Darb da Sabya. Ka zo da motarka, za ka ga amfaninta. Akwai shingayen bincike a hanya, kuma ba a shiga jirgi sai da shaida, saboda haka iƙamar kowa, wato katin izinin zama a Saudiyya, ta zama da ranta, har ta yara, Hajiya kuma fasfonta da bizarta su kasance a jakarta. Babban jirgin da ke tsallakar da mutane, wanda a nan ake kira abbara, kyauta ne, kai da motarka duka, yana tashi da safe da kuma bayan la'asar ta gabato, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Kyautar ce ma ta sa yake cika. Gurbin mota shi ke fara ƙarewa, don haka ka yi rajista tun da sauran kwanaki. Akwai ƙananan jirage na kuɗi, fuluka, masu sauri, amma suna dukan igiyar ruwa sosai, ban ba ka shawarar sa Hajiya a ciki ba.

To, ga inda maganar take. Tsibiran Farasan sun haura 80, kuma mafi yawansu ba kowa a kai. Mai kwale-kwale zai tare ka da cewa zai kai ku biyar ko shida a wuni ɗaya, kai kuma ka ga kamar riba ce. Na taɓa shiga hannun wani irin wannan tare da baƙina: ko takalmi ba mu gama cirewa ba yake tada inji, kamar direban tasha mai saurin komawa ya sake lodi. Yara na kuka ba su yi wanka ba, mata ba su ko shimfiɗa tabarma ba, muka wuni muna hawa da sauka, rana ta gasa mu don jirgin ba rumfa. Tsibiri biyu sun ishe ku, in kun matsa uku. Ku yi ciniki a kan jirgin sukutum da yawan awannin da za ku yi, ba a kan kowane mutum ko kowane tsibiri ba, kuma ka faɗa masa tun a ƙasa cewa da iyali kake, kana son wurin da babu wani jirgi a tsaye. Masuntan nan sun san kowane lungu, kuma mutane ne masu kara. Da zarar ya ajiye ku, yawanci sai ya ja jirginsa gefe ya jefa ƙugiya, ya ba ku wuri.

Kafin ka biya, je ka ga jirgin da idonka. Ya kasance da rumfa, da rigunan ceto da suka kai yawanku har da ƙanana na yara, da tsani na sauka. In inji biyu gare shi ya fi, ko da ya ɗara tsada, araha ba ta ado. Sannan matuƙin kirki ba ya fita sai ya biya ta wajen jami'an tsaron iyaka, Haras al-Hudud, ya ba da sunayenku da inda za ku da lokacin dawowa. Wanda ya ce maka ba sai an yi wannan ba, rabu da shi. Yankin na kusa da iyakar Yaman, akwai tsibiran da ba a zuwa sam.

Ku fita bayan sallar asuba. Da safe teku kwance take, amma daga azahar iska na tasowa, musamman iskar kudu ta hunturu da suke ce wa azyab, wadda wani lokaci har abbarar kanta take hanawa tashi. Ku fara da dajin ƙandal, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Matuƙi zai rage inji ya shiga wata siririyar hanya tsakaninsu, saiwoyi sun fito sama da ruwa sun sarƙe, ƙananan kifaye na watsewa a ƙarƙashin jirgi, kwasakwasa na zaune a kan reshe ko motsi ba ta yi. Yarana har yau wurin nan suke ambata fiye da wankan. Daga nan sai tsibirin Ƙumma in kuna son tarihi, inda akwai kangon da ake kira Baitul Jarmal, wanda Jamusawa suka gina a farkon ƙarni na 20, zamanin Daular Usmaniyya, don ajiye gawayin jiragensu. Sai ku ƙare a tsibirin da matuƙi ya zaɓa muku, ku yi zamanku har azahar. In kun yi sa'a za ku ci karo da dolfin a hanya.

Inda ba kowa, ba komai kuma: ba ruwan sha, ba inuwa, ba makewayi, sabis ma sai ya ga dama. Ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, da kula cike da ƙanƙara, da ɗan tanti na sauya kaya. Kowa ya sa takalmin roba mai rufi, domin ƙasan duwatsun murjani ne masu yanka, ga bushiyar teku mai baƙar ƙaya, ga wani faffaɗan kifi da ke kwanciya cikin yashi da dafi a wutsiya. Ka koya wa yara su riƙa jan ƙafa a ƙasa in suna tafiya cikin ruwa, sai ya gudu. Mai saurin tashin zuciya ya sha maganinsa kafin a hau. Ruwan teku yana alwala, wannan ba saɓani. Alƙibla dai ku lura, kun saba da gabas a Jidda, a Farasan arewa za ku fuskanta, da ɗan karkata yamma. Kuma wurin gandu ne da hukuma ke karewa, UNESCO ma ta sa shi a jerinta a 2021, don haka ba a ɓallar murjani, ba a taɓa ƙwan kunkurun ruwa, ba a koran barewa, shara kuma ku dawo da abarku.

Batun Hajiya shi na fi so ka yi tunani a kai. A waɗannan tsibirai babu matsayar jirgi, cikin ruwa ake dira, wani lokaci har gwiwa, jirgin kuma na rawa. In tana fama da ciwon ƙafa, kada ka takura mata. Nan ne motarka za ta yi rana. A babban tsibirin akwai bakin ruwa irin su Gadir da Ra'asul Ƙarn da mota ke kaiwa, akwai kuma gada da ta haɗa shi da tsibirin Sajid. Daga Lahadi zuwa Laraba za ka iya samun wurin da ku kaɗai ne, ka kafa mata kujera ta sa ƙafa a ruwa. Juma'a da Asabar ne mutanen Jizan ke kwararowa. Haka ma wajen watan Afrilu, lokacin bikin kamun kifin harid a bakin ruwan Hasis, abin kallo ne amma ba na mai neman keɓewa ba.

Ku ware wuni guda na cikin gari. Ta ga masallacin Najdi na shekarar 1347 Hijiriyya da gidan Rifa'i mai zane a jikin bango, duka daga dukiyar fataken lu'ulu'u, da tsohon ƙauyen Ƙassar. Da dare ku nemi gasasshen kifi, sha'ur ko dirak, da safe marsa, wato gurasa da aka dama da ayaba da zuma da man shanu, wadda na san za ta yi wa Hajiya daɗi.

Kwana uku a tsibirin ya yi, ka bar ɗaya a sake ko da iska za ta ɓata muku fita. Kuma ranar da kake rajistar zuwa ka haɗa da ta dawowa, don gurbin mota na komowa Jizan ranar Asabar wuya gare shi. In ka tsayar da rana ka yi mini magana ta gefe, in haɗa ka da matuƙin da muke hawa jirginsa. A gaida Hajiya.