Tambaya da Amsa: Na biya haraji a gidan mai, me ya sa IFTA ke bina kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio a Amurka. Na daɗe ina jan tirelar wani kamfani, bana Allah ya hore min na sayi nawa guda biyu, ina jan ɗaya, ƙanena yana jan ɗaya. Galibi Pennsylvania da Kentucky muke kai kaya. Da na cike takardar IFTA ta farko sai aka ce ana bina kuɗi, alhali duk galan ɗin da na sha na biya harajinsa a gidan mai. Kuma ƙanena ya ce ba sai mun wahalar da kanmu da rubuta mil ba, tunda akwai ELD, na'urar nan mai ɗaukar bayanan tuƙi, a motocin. Gaskiyarsa ne? Mai tirela, Columbus.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Ba cutarka aka yi ba, kuma maganar ƙanenka rabinta ce gaskiya.

IFTA yarjejeniya ce ta harajin man mota tsakanin jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna da lardunan Kanada 10. Ta shafi motar da ke tsallake iyakar jiha, wadda nauyinta ya haura fam 26,000, ko mai jerin ƙafafu uku zuwa sama komai nauyinta. Jiharka ta Ohio ce ta ba ka lasisi da sitika biyu na kowace mota, ita kaɗai kake kai wa lissafi, ita kuma ta raba wa sauran haƙƙinsu. Harajin na jihar da ka ƙona man a kan titinta ne, ba na jihar da ka saya ba. Abin da ka biya a gidan mai tamkar kafin alƙalami ne, sai ƙarshen wata uku a zauna a yi lissafi.

Ga misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce motocinka biyu sun yi mil 52,000 cikin wata uku, sun sha galan 8,000. Ka raba, kowane galan ya kai ku mil 6.5. Idan mil 13,000 a Pennsylvania kuka yi, to hukuma na ɗauka kun ƙona galan 2,000 a can. Da a ce galan 500 kawai kuka saya a can, saura galan 1,500 da ba ku biya wa jihar komai ba, kuma harajin dizal ɗinta ya haura senti 70 a galan, ka ga fiye da dala dubu ke nan. A Ohio kuwa kun yi mil 19,500, wato galan 3,000, amma kun sayi 5,000. Harajin ragowar 2,000 za a mayar muku a kan senti 47 kowane galan, dala 940. Ana tara abin da ake binka da abin da kake bi na duk jihohi, abin da ya rage shi ka gani a takardarka. Kentucky ma tana da ƙarin wani kaso, haka Virginia, wanda ba a karɓarsa a gidan mai sai a kan takardar. Ko a can ka cika tanki sai ka biya shi.

Wannan ya sa nake gaya wa masu motoci kada farashin da ke kan allo ya ruɗe su. Ka cire harajin jihar daga farashin, abin da ya saura shi ne ainihin kuɗin man, da shi za ka gane inda ya fi araha. Kuɗin harajin yakan canza, don haka kowane zango na wata uku ka duba sabon jadawali.

Yanzu batun mil, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. Duk lissafin da na yi a sama a kan lambar mil yake tsaye. Ana so kowace tafiya ta kasance da ranar tashi da ranar isa, garin da aka tashi da wanda aka je, hanyar da aka bi, lambar da mitar mota ta nuna a farko da a ƙarshe, jimillar mil, mil na kowace jiha, da lambar motar. Kuma duk inda ƙafar mota ta juya ana ƙirgawa: da kaya, ba kaya, kan mota shi kaɗai zuwa gareji, har zuwa gida ko masallaci idan da ita aka je. Mai bincike idan ya zo, abin da yake fara yi shi ne ya jera takardun tafiya, ya ga ko lambar da tafiyar jiya ta ƙare a kai ita ce ta yau ta fara da ita. Idan jiya ta tsaya a 412,380, yau ta tashi daga 412,455, zai tambaye ka ina mil 75 suka shiga, kuma a wace jiha.

Akwai wani wuri a kan hanyarku da direbobi ke yawan mantawa. Idan ka ɗauki titin I-70 daga Columbus ka nufi gabas, ba kai tsaye kake faɗawa Pennsylvania ba. Kana tsallake kogin Ohio a Wheeling ka shiga West Virginia, ka yi kusan mil 14 a cikinta. Kafin ka kurɓi shayi sau biyu ka wuce. Amma mai zuwa da dawowa kowane mako da mota biyu, mil ɗin nan sun taru, kuma takardar da ta nuna Ohio da Pennsylvania ba West Virginia tana jawo tambaya.

ELD an yi shi ne don ƙirga awannin da direba ya yi a kan sitiyari, kuma doka wata shida kawai ta ce a ajiye wannan bayanin. Bayanan IFTA kuwa shekara huɗu ake ajiyewa. Na'urori da yawa suna fitar da mil jiha-jiha, wannan gaskiyar ƙanenka ce, amma ba dukansu ba, wasu kuma sai ka biya ƙari. Ka kira kamfanin da ya sa muku ka yi musu tambaya uku: na'urar tana ɗaukar inda mota take aƙalla kowane minti 10 muddin inji na aiki? Tana haɗawa da lambar mitar mota? Shekara nawa suke riƙe ainihin bayanan, kuma idan ka bar su za su ba ka? Ni dai shawarata, kowane ƙarshen wata ka sauke bayanan ka adana a kwamfutarka da wani wuri na biyu. Ranar ɗaya ga wata kowannenku ya ɗauki hoton mitar motarsa da waya. Idan na'ura ta ce mil 9,000 mita ta ce 9,600, ka nemo dalili a watan, tun kuna tuna inda kuka je. Sannan a bar littafi da biro a mota saboda ranar da na'urar ta ɗauke.

Dalilin nacewata shi ne hukuncin da ke biyo baya. Idan aka bincika aka ga bayananka ba su gamsar ba, hukuma na da ikon rage mil ɗin da ka ce galan na kai ka da kashi 20 cikin 100, ko ta mayar da shi mil 4 kacal. Koma misalinmu: mil 52,000 a kan mil 4 ya zama galan 13,000. An ɗora maka galan 5,000 da ba ka sha ba, a zango ɗaya, kuma bincike yakan waiwayi zango da yawa. Mai mota biyu wannan na iya cinye masa ribar watanni.

Rasit ɗin mai shi ma shaida ne. Ya nuna rana, sunan gidan mai da adireshinsa, yawan galan, irin man, kuɗi, da lambar motar da aka zuba wa. Wanda ya ɓata ba za a lissafa maka harajinsa ba, ka biya sau biyu ke nan. Takardar rasit tana dushewa idan ta sha zafi a gaban mota, ku riƙa ɗaukar hotonta nan take. Idan kuna jan tirela mai firji, man injin firjin a saya a rasit daban, ba ya cikin wannan lissafi.

Ana miƙa takarda sau huɗu a shekara: 30 ga Afrilu, 31 ga Yuli, 31 ga Oktoba da 31 ga Janairu. Ko motocin ba su motsa ba sai ka miƙa, ka rubuta sifiri. Tarar jinkiri dala 50 ce ko kashi 10 cikin 100 na harajin da ake binka, duk wanda ya fi yawa, ban da kuɗin ruwa da ke hawa, kuma ana iya dakatar da lasisin.

Tunda kuna shiga Kentucky, ka duba ko kana da lambar KYU. Haraji ne daban da IFTA, na nauyi da mil, a kan motar da ta kai fam 60,000, shi ma wata uku-uku ake biya. New York da New Mexico da Oregon da Connecticut kowacce tana da irin nata, sai ka yi rajista kafin ka karɓi kayan da za su kai ka can. Mil ɗin da kuka rubuta jiha-jiha da su za ka cike waɗannan takardun ma.