Amsa: gyaran tsohon keke don zuwa aiki

Malam, ka ce ka samu tsohon Raleigh na gwanjo kana so ka riƙa hawa daga Farin Gada zuwa Terminus a cikin Jos, ko ya cancanci gyara? Wallahi ya cancanta, in dai firam ɗin bai tsage ba. Duba wajen walda da kyau, tsatsar sama ba komai ba ce, sanfefa da fenti sun gama da ita.

Amma ni birki nake ji maka, ka san garin Jos hawa da gangara ne, tsohon roba kuma in ya bushe baya kama gargare musamman da ruwan sama, to ka canza robobin duka kafin ka hau titi, kar ka ce sai ƙarshen wata don Allah. Kaca ka jiƙa ta a kananzir ka goge ka sa mai kaɗan, yawan mai ƙura yake tarawa lokacin hunturu. Mai gyara ya buɗe boris ya sa giris, ya ɗaure sufok, wato wayoyin gargare. Taya in ta tsattsage a gefe sayi sabuwa da tif, faci ba zai riƙe ba.

Ka sa fitila gaba da baya, masu Keke Napep basa lura da mai keke bayan magariba.