Tambaya da Amsa: Yadda Tsibiri Mai Mutum 124 Ke Shirya Bikin Littattafai

A fitowar da ta gabata mun ambaci a taƙaice cewa akwai wani ɗan tsibiri a ƙasar Sikotilan da mazaunansa ba su kai 150 ba, amma suna gayyato marubuta su yi bikin littattafai. Wasiƙu sun zo a kan haka, ga amsoshin wasu daga ciki.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zariya: Assalamu alaikum. Wane tsibiri ne wannan? Kuma mutanen da ba su cika aji uku na makarantarmu ba, wa zai saurari marubutan, wa zai sayi littattafan?

Wa alaikumus salam, Malam. Sunan tsibirin Kolonse, a taswira ana rubuta shi Colonsay. Yana yammacin gaɓar Sikotilan, tsawonsa kusan kilomita 13, faɗinsa kusan kilomita 5 a inda ya fi faɗi. Ƙidayar shekarar 2011 ta nuna mutum 124 ne ke zaune a cikinsa. Otal ɗaya ne a tsibirin, da makarantar firamare ɗaya, amma akwai kantin littattafai, har ma a nan aka kafa wani ƙaramin kamfanin buga littattafai mai suna House of Lochar. A shekarar 2012 aka fara bikin. A ƙarshen watan Afrilu ake yin sa, Asabar da Lahadi, a ɗakin taron gari da ke Skalaseg, inda jirgin ruwa ke tsayawa.

Gaskiyarka, mazauna kaɗai ba za su cika ɗakin ba. Baƙi ne ke ƙetaro teku, su kama masauki, su kwana biyu ko uku. Abin da ke jawo su shi ne abin da babban biki ba ya iya bayarwa. A babban birni marubuci yakan gama jawabinsa, ya sa hannu a littattafai, mota ta ɗauke shi. A Kolonse babu inda za shi sai jirgi ya dawo. Da shi da mai karatu jirgi ɗaya suka shigo, wuri ɗaya za su ci abinci, hanya ɗaya za su bi da safe. Wanda kunya ta hana shi ɗaga hannu a cikin taro zai samu damar tambayarsa a bakin teburin shayi. A ganinmu wannan shi ne jarin bikin gaba ɗaya.

Ba Kolonse kaɗai ba ce. Tsibirin Wesan na Faransa ya fara baje kolin littattafan da suka shafi tsibirai a 1999. Tsibirin Kef Kiliya na ƙasar Ailan kuma ya fara bikinsa a 1994, sai dai nasa na masu ba da labari da baki ne, kamar masu tatsuniya.

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar marubuta a Kano: Mu da muke cikin gari ma shirya taron kwana biyu na ba mu wuya. Ta ina masu tsibiri ke farawa, kuma me ya fi ɓata musu shiri?

Malam Sakatare, ba da sunayen marubuta ake farawa ba. Da abu biyu ake farawa: jadawalin jirgin ruwa da yawan gadajen kwana.

Jirgin kamfanin CalMac ne ke haɗa Kolonse da garin Oban, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna. Ba jirgi ne mai kai da kawowa kowace awa ba, yawanci sau ɗaya ne a rana, wasu ranakun ma babu. Don haka kwamiti kan buɗe jadawalin a gabansa kafin ya tsayar da lokacin buɗe taro da rufewa. Zama na farko ba ya zuwa daf da isowar jirgi, domin ko jinkirin awa ɗaya ya isa ya wargaza yinin. Zama na ƙarshe kuma ana so ya ƙare aƙalla awa biyu kafin tashin jirgi, don mutane su haɗa kaya, masu mota su shiga layi. Ka'idar da ba a wasa da ita ita ce marubuta su iso kwana ɗaya kafin buɗewa. Idan iska ta tashi, ko igiyar ruwa ta hana jirgi matsowa bakin tasha, ana soke tafiyar ne ɗungurungum, kuma wanda ya tsara zuwa ranar Asabar da safe ya rasa bikin ke nan. Akwai ƙaramin jirgin sama da ke sauka a tsibirin, amma kujerunsa ba su kai goma ba, kuma hazo na tsayar da shi.

Sai gadaje. Ko ɗakin taro na ɗaukar mutum nawa, ba a sayar wa baƙi tikitin da ya wuce yawan gadajen da ke tsibirin. Ana ƙirga ɗakunan otal, da gidajen haya na masu hutu, da ɗakin kwanan matafiya, a fara ware na marubuta da masu gabatar da su, sannan a san adadin tikiti. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sayi tikiti ya zauna, sai daga baya ya tarar masauki ya ƙare. Shi ya sa ake rubuta wa masu saye gargaɗi ƙarara: nemi wurin kwana tukuna, sannan wuri a jirgi, sannan tikiti.

Game da tsarin zama, marubuta shida a kwana biyu sun wadatar, uku kowace rana, kuma a ɗaki ɗaya. Kada a raba taro gida biyu a lokaci guda, domin mutum 100 idan aka kasa su biyu kowane ɗaki sai ya zama kamar ba kowa. Awa ɗaya ta ishi kowane marubuci: minti 5 na gabatarwa, minti 10 ya karanta daga littafinsa, minti 25 na hira da mai gabatarwa, minti 20 na tambayoyin jama'a. Karatun da ya wuce minti 10 yakan sa a fara gyangyaɗi, komai daɗin rubutun. Tsakanin zama da zama a bar aƙalla minti 45 don sa hannu a littattafai da shan shayi. Masu shirya taro kan matse wannan hutun don su cusa ƙarin mai jawabi, alhali a cikinsa ne ake ciniki, a cikinsa ne kuma ake haɗuwar da mutane suka ƙetare teku dominta.

A gauraya irin marubutan: mai ƙagaggen labari, da mawaƙi, da mai tarihi ko mai rubutu a kan dabbobi da tsirrai. Tikitin kwana biyun gaba ɗaya na sa wanda ya zo don sanannen marubuci ya zauna ya ji wanda bai taɓa jin sunansa ba.

Kayan sauti: makirufo biyu a kan dandamali, ɗaya na yawo cikin jama'a, da batura na ajiya, tunda babu kantin da za a ruga a sayo waya ko fulogi. A gwada komai daren Juma'a. A kuma tanadi shiri na biyu a rubuce: idan marubuci ya maƙale a Oban, ko a haɗa shi ta bidiyo in intanet ta yarda, ko wani mazaunin tsibirin da ya san tarihin wurin ya cike gurbin. Tun watanni kafin bikin ake neman amincewar wannan mutumin.

Tambaya daga wata mai sayar da littattafai a Maraɗi: Littattafai nawa ake kaiwa? Idan ba su ƙare ba, asarar wa ce? Kuma su marubutan ana biyan su?

Hajiya, a cinikin littattafai na Birtaniya akwai tsarin da kanti ke karɓar kaya bisa sharaɗin zai mayar da abin da bai sayu ba. Wannan na rage asara, amma ba ya kawar da ita, domin kuɗin dakon mayarwa yakan faɗa kan kantin, kuma littafin da ya jiƙe, ko ya lanƙwashe, ko marubuci ya riga ya sa masa hannu, da wuya a karɓe shi. Saboda haka kada a bar marubuci ya sa hannu a duk tarin da ke kan tebur. Ya sa wa wanda aka saya, sai 'yan kaɗan da kantin ya tabbata zai sayar daga baya.

Ga lissafi a matsayin misali. Mu ɗauka masu sauraro 100 ne. A kawo kwafi 30 na sabon littafin kowane marubuci, da kwafi 15 na tsofaffin littattafansa a haɗe. Marubuta shida ke nan kwafi 270. Idan kowane littafi ya kai giram 350, nauyin ya doshi kilo 95, wato kwali bakwai ko takwas da mutum ɗaya zai iya ɗagawa. A yi odar su mako shida kafin biki, su iso tsibirin da saura mako biyu, a buɗe kowane kwali a ƙirga nan take. Idan an aiko da littafin da ba shi aka nema ba, mako biyun nan ne kaɗai damar gyara. A ajiye kwalayen a kan katako, ba a daɓe ba, saboda danshin teku na sa takarda ta kumbura. A kuma tanadi canji na tsabar kuɗi, don na'urar karɓar kati na tsayawa idan sabis ya ɗauke.

Batun biya kuwa, ƙungiyar marubuta ta Birtaniya ta daɗe tana matsa wa masu bukukuwa lamba su riƙa biyan duk marubucin da suka gayyata, kuma muna tare da ita. Wanda ya yi jawabin awa ɗaya a tsibiri kwana uku ko huɗu ya bar aikinsa. Kuɗin jawabi, da kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa, da masauki, da abinci, su ne ke cinye mafi yawan kasafin. Ana rufe su da kuɗin tikiti, da gudummawar 'yan kasuwar da baƙin ke amfana, da tallafin hukumomin raya al'adu idan an samu. Sauran aikin, daga jera kujeru zuwa ɗauko marubuci a tashar jirgi, 'yan sa-kai ne ke yi. Hatsarin a nan shi ne mutum biyar ko shida su riƙa ɗaukar nauyin kowace shekara har su gaji. Maganinsa a rubuta kowane aiki da lokacinsa a kundi ɗaya, kuma kowane mai riƙe da aiki ya kasance da mataimakin da zai iya gadarsa.

Tambaya daga wata ɗaliba da ke karatu a Gilasgo: Ina so in halarta. Me zan shirya, musamman a matsayina na Musulma?

'Yar'uwa, daga tashar Queen Street ta Gilasgo jirgin ƙasa na kai ki Oban cikin kusan awa uku, kuma tashar jirgin ruwa na nan kusa da inda za ki sauka. Ki bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakanin jiragen biyu. Ki duba shafin bikin don tabbatar da ranakun wannan shekarar, ki kama masauki tun cikin hunturu. Kada ki sa jarabawa ko wani muhimmin alkawari a ranar Litinin, don komawa na iya jinkirta da kwana ɗaya.

Ƙarshen Afrilu a can akwai sanyi da iska da yayyafi, sai ki riƙe rigar ruwa da takalmi mai ƙwari. Alherin lokacin shi ne ƙananan ƙwarin nan masu cizo da suka addabi yammacin Sikotilan ba su fara fitowa ba tukuna. Babu masallaci, don haka ki tafi da dardumarki, ki sauke lokutan salla a wayarki tun kina Oban. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, hutun da ke tsakanin zama kuma ya isa ki yi Azahar da La'asar. Kada ki sa ran samun naman halal. Kifi da ƙwai da kayan lambu za su riƙe ki, sauran ki yo guzuri daga Gilasgo. Da yamma hira kan koma otal, inda ake sayar da giya. Idan ba ki son zama a wurin, za ki samu marubutan da rana a bakin teburin littattafai.

Idan kika yi sha'awar leƙa Oronse, ƙaramin tsibirin da ke kudu mai kangon wani tsohon gidan ibada na ƙarni na 14, da ƙafa ake ƙetarawa a kan rairayi lokacin da teku ta janye, na 'yan awanni kawai. Ki tambayi mutanen wurin lokacin janyewa da dawowar ruwa kafin ki taka.

Tambaya daga wani mai karatu a Yawuri: Mu ma muna da gungu a cikin kogin Kwara. Za a iya yin irin wannan a wurinmu?

Za a iya, Malam, amma a fara da yini ɗaya da marubuta uku, a makarantar da ke kan gungun. A zaɓi lokacin da ruwa ya kwanta bisa shawarar masu fito, a kauce wa ranar kasuwa da jirage ke cika maƙil. A yi shatar jirgi na musamman don baƙi, a ƙirga masu shiga kada su wuce ƙa'idarsa, kowa da rigar kariya, kuma a gama taro da La'asar don a ƙetare da sauran rana. Littattafan a naɗe su a leda kafin a sa a kwali. A ware zama ɗaya ga dattawan gungun su ba da labaran wurin da harshensu, a ɗauki muryoyinsu a waya da izininsu, a bar kwafi ɗaya a hannun shugaban makarantar.