Al'ada, gargajiya da hali: amsar tambayoyinku

Wata ɗaliba mai karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Jihar Kaduna ta rubuto tana cewa: "Malam, a aji muna cakuɗa al'ada da gargajiya da ɗabi'a. Shin duk abu ɗaya ne?"

'Yata, ba ɗaya ba ne. Al'ada aro ce daga Larabci, tushenta yana nufin komowa, wato abin da ake yi ana maimaitawa har ya zama jiki. Shi ya sa mata ke kiran jinin wata al'ada, don yana dawowa. Gargajiya kuwa abin da aka gada ne kaka da kakanni. Duk gargajiya al'ada ce, amma ba kowace al'ada ce gargajiya ba. Ankon da ƙawayen amarya ke ɗinkawa ya zama al'adarmu yanzu, alhali kakanninmu ba su san shi ba. Ɗabi'a ita ma Balarabiya ce, sai dai ta fi karkata ga mutum shi kaɗai: ɗabi'ar wane, al'adar mutanen gari kaza.

Tun a 1871 Baturen Ingila Edward Tylor ya ce al'ada ta ƙunshi sani da imani da fasaha da doka da duk abin da mutum ya koya a matsayinsa na ɗan al'umma. Ki riƙe kalmar "koya" da kyau, don ba a haihuwar kowa da al'ada. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar al'adu a makarantunmu: a sa wa yara saƙi, a ɗora musu ƙwarya, a yi rawa, a watse, kamar al'ada kaya ce a cikin adaka. Yadda yaro ya rusuna ya gaida maƙwabci da safe ya fi saƙin nan nuna ko shi wane ne.

Wani tela daga Kasuwar Barci ya ce: "Ana cewa hali zanen dutse, ana kuma cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanne za mu ɗauka?"

Ɗauki duka biyun, ɗan'uwa, lokacinsu ne ya bambanta. Na biyu yana magana kan tarbiyya, hanyar da al'umma ke bi ta shigar da ƙa'idojinta cikin yaro, daga gida zuwa makarantar allo zuwa dandali. Na farko yana magana kan iccen bayan ya bushe. Ai zanen ma wani ne ya yi shi, ba da shi dutsen ya fito ba.

Kwanan baya a wani suna a Unguwar Sanusi na ga wata dattijuwa tana neman ɗanta na fari, magidanci mai furfura. Ta leƙo zaure ta ce, "Ku kira mini wannan yaron." Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Babu alƙalin da zai ɗaure ta in ta faɗa, to me ya hana ta? Alkunya ce, ta koye ta wurin uwarta. Masana sun raba ƙa'idojin zama gida biyu: akwai doka, mai kotu da ɗan sanda, akwai kuma ƙa'idar da ba a rubuta ba, wadda hukuncinta harara ne da habaici da gori. A ce da mutum marar kunya a gaban surukansa, sau da yawa ya fi masa tarar kotu ciwo.

Wani direban Keke Napep daga Kawo kuma ya tambaya dalilin da Bakano zai tsokani Bazazzage, a yi dariya ba faɗa. Wannan shi ne wasan barkwanci, irin na taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji. Akwai shi tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa. Masanin Ingila Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kansa a 1940, yana ganin hanya ce ta riƙe zumunci inda saɓani zai iya ɓullowa. Amma wasan yana da sharaɗi: sai da abokin wasa. In Bafulatani ya ce da Babarbare bawansa, za a sheƙe da dariya. Ka gwada faɗa wa wanda ba ku wasa da shi, sai an kai ku gaban mai unguwa.