Tambaya da Amsa: Baƙin gawayin da ke fita daga matatar mai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne a Yanbu, kuma ina yawan ganin tulin wani baƙin abu mai kama da kwal ana loda shi a jiragen ruwa. An ce mini daga matatar mai yake fitowa. Ta yaya man da yake ruwa zai zama dutse, kuma ana iya hura wutar girki ko ta gashin nama da shi? Daga wani mai karatu, Yanbu, Saudiyya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani gawayin fetur ne, wanda ma'aikatan matata ke kira kok, kuma gaskiya aka faɗa maka game da asalinsa.

Ɗanyen mai cakude ne na sinadarai waɗanda aka gina da kabon da haidirojin, wasu ƙwayoyinsu gajeru ne masu sauƙi, wasu dogaye masu nauyi. Matakin farko a matata shi ne a dafa man a raba shi, gas da fetur su tashi sama, kananzir da dizal su fita ta tsakiya, sai a bar wani baƙin ragowa mai kauri kamar kwalta wanda kasuwa ba ta biyan kuɗin kirki a kansa. Wannan ragowa ne ake fasawa da zafi, domin idan zafi ya doshi digiri 500 a ma'aunin Selshiyos, dogayen ƙwayoyin nan sukan kakkarye su koma gajeru. Injiniya Vladimir Shukhov ya yi rajistar dabarar a Rasha a 1891, William Burton kuma ya sami tasa rajistar a Amurka a 1913, lokacin da motoci suka fara yawa, fetur ɗin da ake samu ta rabawa kawai ya kasa isa.

Ga yadda gawayin ke samuwa. Ana tura ragowar cikin bututun murhu da gudu, a zafafa shi cikin ɗan lokaci, don kada ya daskare ya toshe bututun, sannan a juye shi cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tsawon bene mai hawa da yawa. A can ne fashewar ke kammala a hankali: abin da ya yi sauƙi ya tashi a matsayin tururi, a kama shi a sake tacewa, abin da ya rasa haidirojinsa kuma ya dunƙule ya kwanta, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ragowar ke komawa gawayi. Tukwanen bibbiyu suke aiki, ɗaya na cika, ɗayar ana huce ta da tururi da ruwa, a yanke gawayin da feshin ruwa mai tsananin ƙarfi. Matatar YASREF da ke garinku, ta haɗin gwiwar Aramco da kamfanin Sinopec na Sin, wadda aka gina don tace ganga 400,000 a rana, tana da irin wannan sashe, haka ma SATORP da ke Jubail. A ganina wannan sashe ne ya sa tace ɗanyen mai mai nauyi irin na Saudiyya ya zama sana'a mai riba, duk da cewa kaso mai yawa na fetur ɗin duniya a yau ta hanyar fasawa da sinadarin gaggauta aiki ake samar da shi, tun bayan aikin Injiniya Eugene Houdry a shekarun 1930.

Batun girki kuwa, ina roƙonka kada ka gwada, kada kuma ka bar wani ya gwada. Farar wuta da ƙarafa irin su nikel da banadiyam da ke cikin ɗanyen mai a ragowar suke taruwa, daga nan su shige cikin gawayin, hayaƙinsa kuma yana ƙona maƙogwaro da huhu, ya gurɓata naman da aka ɗora a kansa. Ba ya ma kama wuta da sauƙi. Masana'antun siminti da tashoshin lantarki ne ke sayensa, inda zafin murhu ya kai, wanda farar wutarsa ta yi ƙaranci kuma a kai shi masana'antar narka alminiyam. Idan aikinka ya kai ka kusa da tulin, ka rufe gilashin mota, ka sa takunkumi saboda ƙurarsa, ka kuma wanke hannu kafin ka ci abinci.