Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Cututtukan Adirinal da Gwajinsu

Likita, na rame, kullum a gajiye nake, jiri na ɗibata in na miƙe, fatata kuma ta yi duhu har dasashina. An ce a auna kotisol, amma wai sai da sassafe. Me ya sa?

Malama, a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal, nauyinta bai wuce giram biyar ba. Ita ke samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukari, musamman lokacin ciwo ko wahala. Alamominki sun yi kama da cutar Addison, wadda likita Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855. Yawanci garkuwar jiki ce ke juyawa ta lalata tsokar, ko kuma tarin fuka ya cinye ta.

Kotisol yana da lokacinsa. Yakan kai ƙololuwa da safe, ya yi ta sauka har tsakar dare. Jinin da aka ɗiba da yamma zai iya nuna ƙasa ko a jikin mai lafiya, shi ya sa ake so misalin ƙarfe 8 zuwa 9 na safe. In sakamakon bai fito fili ba, sai a yi miki allurar Synacthen, mai zaburar da adirinal ta fitar da kotisol, maikirogiram 250, a sake ɗibar jini bayan minti 30 da 60. Lafiyayyar adirinal za ta amsa, mai ciwo ba za ta motsa ba. A duba gishirin jini ma: sodiyam kan sauka, fotasiyam ya hau. Don Allah, in amai ya kama ki ko kika ji za ki suma, kada ki zauna jiran sakamako. Ki tafi asibiti nan take, domin wannan cuta na iya kisa cikin sa'o'i, alhali allurar haidirokotison na ceton rai.

Fuskata ta kumbura, cikina ya yi girma amma ƙafafuna sun sirance, ga nankarwa ja mai faɗi. Sukarina ma ya hau.

Kafin kowane gwaji, tambayata ɗaya ce: wane magani kike sha ko shafawa? Abin da ya fi jawo wannan yanayi, da ake kira Cushing, shi ne magungunan sitiroyid irin su firedinisolon da dekzametason, har da mayukan shafawa masu ƙarfi in aka daɗe a kansu. Yana ci mini rai ganin an yi wa mutum gwaji iri-iri, alhali sanadin na cikin jakarsa, ba wanda ya tambaya. In kina sha, kada ki daina rana ɗaya. Adirinal ɗinki ta saba da hutu, sai likita ya riƙa rage maganin sannu a hankali kafin ta farfaɗo.

In ba kya shan komai, hanyoyin gwada kotisol uku ne. Ko ki haɗiyi dekzametason miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare a auna jini da 8 na safe, inda mai lafiya kotisol ɗinsa kan faɗo ƙasa da nanomol 50 a lita. Ko ki tara fitsarin awa 24, ko a auna yawunki da tsakar dare. Akan so biyu su yi daidai kafin a yanke hukunci. Ki faɗa in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin, domin tana ɗaga kotisol na jini ta ɓata lissafi.

Shekaruna 34, maganin hawan jini uku nake sha amma ya ƙi sauka, fotasiyam ɗina kuma ƙasa.

Malam, a auna maka aldosteron (sinadarin adirinal mai riƙe gishiri a jiki) da renin (sinadarin ƙoda mai sa a fitar da shi) tare, a kwatanta su. In na farko ya hau na biyu ya kwanta, adirinal ce ke tara maka gishiri. A fara gyara fotasiyam ɗin, kuma maganin hawan jini na sifironolakton na rikita gwajin. In gefe ɗaya ne ke da matsala, tiyata kan sauƙaƙa hawan jinin sosai.

An yi mini hoton ciki don wani ciwo dabam, aka ga ƙari a kan adirinal. Daji ne?

Kwantar da hankalinka, mafi yawansu ba daji ba ne, kuma ba sa fitar da komai. Sai dai hoto ba ya faɗin ko ƙarin yana aiki, jini da fitsari ke faɗa. A yi gwajin dekzametason, a kuma auna metanefirin, sinadarin da ke nuna ko ƙarin na fitar da adirenalin mai ɗaga jini, musamman in kana samun ciwon kai da gumi da bugun zuciya masu zuwa su tafi. Kada a soka wa ƙarin allura ko a yi tiyata kafin wannan sakamako ya fito, domin in mai fitar da adirenalin ne, taɓa shi ba shiri na iya cilla jini sama farat ɗaya.