Tramadol na 100 ko na 225: wanne zan saya wa Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa mahaifina aikin ƙashi, likita ya rubuta masa tramadol 100mg mai alamar SR, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da dare. Kuɗinsa ya yi mini yawa. Wani mai kemis a unguwarmu ya ce in karɓi na 225 in riƙa raba shi biyu, wai duk ɗaya ne, ga araha. In saya? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Malama, kada ki saya. Ƙarfin tramadol da hukumar NAFDAC ta amince da shi a ƙasar nan 50mg ne da 100mg. Na 225 ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, kuma babu wanda zai rantse miki cewa abin da aka buga a kwalin shi ne a cikin ƙwayar.

Lambar da ke jikin magani ba ado ba ce, awo ne. Kafin a yi wa magani rajista sai an narkar da shi a ɗakin gwaji, an auna shi da na'urar da ake kira HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke ciki ta faɗi yawan kowanne. Akwai kuma gwajin narkewa, irin wanda ɗaliban harhaɗa magunguna ke koyo, har da namu na ABU a Samaru: a jefa ƙwaya cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, ana juya shi a hankali, ana ɗiba lokaci-lokaci ana duba nawa ya fito. Ƙwaya ta yau da kullum nan da nan take sakin abin cikinta, aikinta awa 4 zuwa 6. Mai SR kuwa an gina ta ne ta riƙa saki kaɗan-kaɗan har kusan awa 12, kamar tulun da ke tsatsafo. Wannan ginin kike biya, shi ya sa Baba zai iya kwana ciwo bai tashe shi ba.

Sannan tramadol ba farasitamol ba ne. Dangin su mofin ne, wato magungunan kashe ciwo masu ƙarfi, tun 1977 yake kasuwa daga Jamus, jiki yana sabawa da shi har mutum ya kasa bari, kuma idan ya yi yawa yana jawo farfaɗiya da sarƙewar numfashi, balle ga dattijo. Idan kuɗi ne matsalar, ki koma wa likitan ki faɗa masa ba kunya, ya san abin da zai canza. Ki saya a famasi mai rajista, da takardar likita a hannu, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai kemis na unguwa ma doka ba ta ba shi izinin sayar da irin wannan ba.

Tambaya: Hajiyarmu ba ta iya haɗiye ƙwaya. Ita ma mai SR aka ba ta. Zan iya daka shi in zuba mata a koko? Daga wani ɗan'uwa a Kwarbai.

Amsa: A'a, Malam, ko kusa. Da ka daka, ka rushe ginin nan da na ambata, maganin awa 12 ya afka mata a lokaci guda. Taunawa ma haka. Ka je wurin mai famasi ko likitanta ka ce haɗiya ce ke ba ta wahala, akwai nau'in da ya dace da masu irin wannan lalura. Kuma ka lissafa masa duk abin da take sha, musamman maganin barci ko na damuwa, domin wasu ba sa jituwa da tramadol. Ragowar ƙwayoyin kuma a sa su a akwati mai makulli, tunda gidan Hajiya ba ya rabuwa da jikoki.